An fiɗiye shi amma bai daina cizo ba: muhawara daga zauren 'yan Zangon Kumasi

Kawu Sule Sawaba: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga Dokta Munkaila. Cikin gyazbin da nake kiwo, wato akrante, akwai wani ƙaton namiji da na sa aka fiɗiye don in haɗa shi keji ɗaya da sauran maza, in yi ta ɗura musu ciyawa da rogo kafin ƙarshen shekara lokacin da kasuwarsu ke tashi. Ƙananan da aka fiɗiye tare da shi sun kwanta lafiya lau. Shi kuwa gogan har yau cizo yake, ya yage wa ɗaya kunne, ga shi yana ta hawan 'yan uwansa. Aikin ne bai yi ba?

Dokta Munkaila: Wa alaikumus salam Kawu. Ya taɓa barbara kafin a fiɗiye shi? Kuma da wa yake zaune a da?

Kawu Sule Sawaba: Ai shi ne uban garken. Da na raba shi da matan sai na ware shi shi kaɗai, ya daɗe a haka.

Dokta Munkaila: To aikin ya yi, Kawu. In aka cire 'ya'yan maraina, sinadarin maza, wato tastosteron, da ke cikin jini yana faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma hali ba ya bin sa da wannan saurin. Namijin da ya riga ya san mace, ya san faɗa, yakan ɗauki makonni kafin ya huce. Akwai ma wani jinsin ɓeran gwaji, B6D2F1, da wasu mazansa ke ci gaba da barbara watanni bayan an fiɗiye su. Shi ya sa muke cewa a yi fiɗiya tun dabba ba ta balaga ba. Ka raba shi da sauran kafin ya yi maka asara.

Rukayya Ayigya: Dokta, ka yi mini izini in sa baki, don wannan ya taɓo abin da nake karantawa a jami'ar Tek ta nan Kumasi. Maganar keɓe shi da Kawu ya yi ita ta ja hankalina. Da yawanmu mun taso da cewa sinadaran da ke juya halin namiji da mace daga maraina ko gidan ƙwai kawai suke zuwa, sai kuma wata 'yar tsoka da ke zaune a kan ƙoda. Ashe ƙwaƙwalwa ma tana haɗa nata. A 1981 wani masanin Faransa, Étienne-Émile Baulieu, da abokan aikinsa suka cire wa ɓeraye maraina, suka cire tsokar kan ƙodar, suka jira, sannan suka auna. Sinadarin da suka auna ya ɓace a jini, a ƙwaƙwalwa kuwa yana nan. Daga nan aka fara maganar sitiroyid na ƙwaƙwalwa, wato irin waɗannan sinadarai da ƙwaƙwalwa ke haɗawa da kanta.

Tanko Direba: Wato Kawu ya rufe shago a Kejetia, ashe mai shagon yana da reshe a sama 😂

Kawu Sule Sawaba: Tanko, kai dai ba a raba ka da shaƙiyanci. Ci gaba, ɗiyata.

Rukayya Ayigya: Ƙwaƙwalwa tana farawa ne da kolestarol, wanda take da shi jibge. Ta juya shi ya zama firegnenolon, daga nan ya zama furojestaron, sannan wasu inzayim guda biyu, wato sinadaran da ke juya wani sinadari ya koma wani, su yi aiki a kansa ɗaya bayan ɗaya, ya zama alofiregnanolon. Zan riƙa rubuta alo don sauƙi. Na farkon inzayim ɗin nan, 5-alfa-ridaktes, ku riƙe sunansa.

Shi alo ba ya shiga can cikin ƙwayar halitta ya jira kwanaki kamar yadda muka saba ji game da irin waɗannan sinadarai. A bakin ƙwayar jijiya yake tsayawa, a kan makarɓar wani sinadari mai suna GABA, wato wurin da GABA ke sauka ya isar da saƙonsa. Yaya Tanko zai fi kowa gane wannan: GABA shi ne birkin ƙwaƙwalwa, alo kuwa yana sa birkin ya kama sosai ko da an ɗan taɓa shi. A kan wannan makarɓar maganin kwantar da hankali diyazefam ke aiki, duk da ba gurbi ɗaya suke zama ba. Maria Majewska da abokanta ne suka nuna haka a 1986. Tun 1941 ma Hans Selye ya ga in an ɗirka wa ɓera furojestaron mai yawa sai ya ɓingire kamar an yi masa allurar barci, sai dai a lokacin ba a gano hanyar ba.

Dokta Munkaila: Rukayya, ki faɗa musu sauran labarin na 1981. Sinadarin da suka auna, DHEA mai salfet, da aka sake aunawa a shekarun 2000 da na'urori masu kaifi, abin da aka samu a ƙwaƙwalwar ɓera bai taka kara ya karya ba. Hanyar awon farko ce ta kumbura adadin.

Rukayya Ayigya: Haka ne, kuma daga ɗakin binciken nasu gyaran ya fito. Amma maganar alo ta tsaya da ƙafarta. A 1991 Robert Purdy da abokansa suka sa ɓeraye iyo na dole don su tayar musu da hankali. Cikin mintuna kaɗan alo da wani ɗan uwansa suka tashi ninki 4 zuwa 20. Da aka cire tsokar kan ƙoda, ɗan uwan ya ɓace, amma aka ci gaba da samun alo a ƙwaƙwalwa. Wato in tashin hankali ya zo, jiki yana sakin abin da ke zaburarwa, yana kuma sakin abin da zai kwantar daga baya.

Malam Awudu Asawase: 'Yata, ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Kuna ta cewa fargaba, hankalin ɓera ya tashi, ya kwanta. Wa ya tambayi ɓera? Mutum shi ne ke kwana bai yi barci ba saboda kuɗin haya ko hisabi. Ɓera tsoron kyanwa kawai ya sani.

Rukayya Ayigya: Allah ya gafarta Malam, ba a tambayarsa, kallonsa ake yi. Bari in kwatanta abin da muke yi da hannunmu. Akwai wani katako mai hannuwa huɗu a gicciye, an ɗaga shi sama da ƙasa kamar santimita 50. Hannuwa biyu suna da bango, biyu kuwa fili ne, ba bango ba komai. Sai a ajiye ɓera a tsakiya, a kunna kyamara, a fita a bar shi minti 5. Ɓera yana son leƙa sabon wuri, yana kuma tsoron sarari, to su biyun ke ja-in-ja a ransa. Mai ɗar-ɗar zai shige lungu, ya miƙo wuya ya shinshina, ƙafafun baya na nan cikin duhu, ya ja da baya da sauri, ya bar maka kashi 'yan ƙwaya-ƙwaya. Wanda aka ba diyazefam ko alo kuwa sai ka ga ya taka har ƙarshen hannun da ba bango, ya leƙa ƙasa. Muna ƙirga sau nawa ya fita da daƙiƙa nawa ya yi. Sharon Pellow da Sandra File ne suka daidaita gwajin a Landan a 1985. Kafin a sa wani sai an goge katakon tas, don in ya ji warin tsoron na gabansa lissafi ya lalace.

Malam Awudu Asawase: To wannan tsoro ne, ba zullumi ba.

Dokta Munkaila: A nan ina bayan Malam. Abin da ake aunawa shi ne ƙin fita sarari. In maganin ya sa ɓera kasala ko ya sa shi rawar kai, lissafin zai canza ba tare da an taɓa fargaba ba. Magunguna nawa suka yi abin mamaki a kan wannan katakon, da aka kai su ga mutane suka faɗi warwas?

Rukayya Ayigya: Shi ya sa ake ƙirga shigarsa hannuwa masu bango ma, don a gane ko kasala ce. Kuma ba wanda ke rubuta sakamako da gwaji ɗaya. Amma na yarda ba a ce ɓera na tunanin gobe ba. Abin da muka haɗa da shi shi ne makarɓar, kusan iri ɗaya ce a ƙwaƙwalwarsa da tamu.

Bari in koma kan keɓewa, don nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. A Chicago, Erminio Costa, Alessandro Guidotti da Graziano Pinna sun yi shekaru suna wannan aikin. Su ɗauki namijin ɓera su ajiye shi shi kaɗai makonni 4 zuwa 6. Ba duka, ba yunwa, abinci da ruwa na nan, kaɗaici kawai. Sai inzayim ɗin nan 5-alfa-ridaktes ya ragu a wasu sassan ƙwaƙwalwa, alo ya sauka kusan rabi. In aka jefa masa baƙo cikin keji, sai ya far masa da cizo. Tsoro ma in ya koya ba ya saurin mantawa. Da suka ba shi alo, ko suka ba shi maganin damuwa fuluwoksetin ɗan kaɗan, ƙasa da adadin da ke taɓa serotonin, sinadarin da maganin ya saba aiki a kansa, sai alo ya dawo, faɗan ya ragu.

Kawu Sule Sawaba: Ikon Allah. Wato ni na ƙara masa mugunta da na ware shi?

Dokta Munkaila: Kada ka ɗauka haka kai tsaye, Kawu. Wancan ɓeran gida ne na ɗakin gwaji. Gyazbi danginsa daban, ya fi kusa da beguwa da ɓeran Masar, cikinsa ma wata biyar ne, na ɓera kuwa mako uku. Amma mu masu duba dabbobi mun san namijin da ya daɗe shi kaɗai ba ya karɓar abokin zama da daɗi.

Anti Hawa Ungozoma: Ina ta karatu ina jira in ji an zo kan mata. Duk maza ake ta ware wa keji. Ita macen fa?

Rukayya Ayigya: Anti, a gwajin su Pinna matan da aka keɓe ba su zama mafaɗata ba, alo ɗinsu ma bai faɗi kamar na maza ba, sai da aka yi musu allurar tastosteron. Labarin mace ya fi fitowa a wajen barbara. Zagayen macen ɓera kwana 4 ko 5 ne. Istirojin, wato sinadarin mata, ya fara hawa, furojestaron ya biyo baya, a daren ne kawai take yarda da namiji. In ya taɓa mata kwiɓi sai ta ƙame, ta lanƙwasa baya, ta kau da wutsiya gefe. Donald Pfaff a New York ya bi sawun jijiyoyin wannan lanƙwasar tun daga fata har cikin ƙwaƙwalwa. Paul Micevych a Los Angeles kuma ya nuna cewa in istirojin ya yi yawa, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake ɗauka 'yan rakiya ne kawai suna haɗa nasu furojestaron, kuma shi ke taimakawa a saki sinadarin da ke sa ƙwai ya fito.

A wannan daren ne kuma ta fi ƙarfin zuciya a kan katakon nan. Cheryl Frye a Albany ta nuna alo ya yi sama a lokacin, in kuma aka toshe haɗa shi, lanƙwasar ta ragu, ɗar-ɗar ya dawo. Abin ya yi ma'ana: macen da za ta fita daga rami cikin dare ta tunkari namijin da ya fi ta girma, dole a ɗan sassauta mata tsoro.

Tanko Direba: Ashe ita ke fita nema! In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Rukayya Ayigya: Ya fi haka ma, Yaya Tanko. Ana raba keji biyu da allo mai ɗan rami wanda mace kaɗai ke iya bi, namiji ya yi ƙiba ba zai wuce ba. Sai ka ga ta shiga, ya hau sau ɗaya, ta fice ta zauna can tana gyara gashi, shi kuma yana ta cusa hanci a rami. Sai ta ga dama ta koma. In ita ke riƙe da lokaci haka, ta fi ɗaukar ciki, alo ya fi tashi, kuma daga baya takan fi son ɗakin da aka yi abin. In an kulle su wuri ɗaya ba mafita, ba ta nuna son ɗakin. Raúl Paredes ne ya nuna wannan na ƙarshen a Meziko.

Anti Hawa Ungozoma: Allah ya yi miki albarka. Maza ku karanta sau biyu.

Malam Awudu Asawase: Hajiya Hawa, kada a ɗauko hukuncin zaman aure daga ramin ɓera. Hakkin mace a kan mijinta a rubuce yake tun kafin a haifi mai kejin.

Anti Hawa Ungozoma: A rubuce yake, Malam. Aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Tanko Direba: Ni dai a gaya mini wanda ke ƙara wa namiji ƙarfi, in sa a kawo mini daga Amurka.

Dokta Munkaila: In ka ji amsar ba za ka so ta ba, Tanko. A ƙwaƙwalwar namijin ɓera akwai inzayim mai suna aromates da ke juya tastosteron ya koma istirojin, wanda kuke kira sinadarin mata. Frederick Naftolin ya gano haka a farkon shekarun 1970. In ka fiɗiye ɓera ya huce, ka ba shi istirojin, sai ya koma hawan mace. In ka toshe aromates kana ba shi tastosteron, hawan ya ragu. Ɓerayen da aka ƙirƙira ba su da wannan inzayim, mazansu ba su cika barbara ko faɗa ba. Tun a kwanakin farko na haihuwa ma istirojin ɗin ne ke tsara ƙwaƙwalwar namiji. Ɗan ɓeran da aka fiɗiye ranar da aka haife shi, in ya girma aka ba shi sinadaran mace, lanƙwasa baya yake yi.

Amma kafin ka je ka sayi wani abu: a birai da mutane tastosteron ɗin kansa yana da babban rabo, ba kamar ɓera ba. Kuma ƙarin sinadari ba ƙarin lafiya ba ne. Klaus Miczek a Boston ya nuna alo ɗin da Rukayya ke yabo, in an ba ɓera matsakaicin adadi, faɗa yake ƙara masa, kamar yadda giya ke yi wa wasu.

Rukayya Ayigya: Akwai wanda ya fi wannan. A 2007 Sheryl Smith a Brooklyn ta ga cewa a matan ɓeraye masu shiga balaga alo yana ƙara fargaba maimakon ya rage. Sinadarin bai canza ba, makarɓar ce ta sake zubi a wannan shekarun.

Hajiya Ladi Aboabo: To shi ke nan, na gano abin da ke damun 'yata. Ka ce mata sannu ta fashe da kuka.

Anti Hawa Ungozoma: Ku bar raha, akwai inda maganar nan ta shafe mu kai tsaye. Mai ciki alo ɗinta yana hawa sosai, musamman a watannin ƙarshe, saboda mabiyiya na zuba furojestaron. Ranar da mabiyiya ta faɗi, cikin 'yan kwanaki komai ya zube. Yawancin masu jego sukan yi ɗan kuka da ƙunci kwana kaɗan ya wuce. Wasu kuwa ba ya wucewa. Na ga yarinya haihuwar fari, gida cike da mata, ga tuwo ga kunu ga ruwan zafi, ita kuwa ta juya wa jaririn baya tana kallon bango, nono na zuba ta kasa ɗaukarsa. Dangin miji suna cewa sangarta ce, nata dangin suna cewa iska ce. Ba wanda ya ce ciwo ne.

Rukayya Ayigya: Anti, a 2008 Jamie Maguire da Istvan Mody suka ga kusan haka a ɓera. Lokacin ciki ƙwaƙwalwa tana rage wani ɓangare na makarɓar GABA don kada alo mai yawa ya kwantar da uwa gaba ɗaya, bayan haihuwa ta mayar da shi. Ɓerayen da ba su da wannan ɓangaren lafiyarsu ƙalau har sai sun haihu. Daga nan sai su ƙi gyara sheƙa, su bar 'ya'ya a warwatse, da yawa su mutu. Irin wannan binciken ne ya share hanya har a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da alo ɗin kansa a matsayin maganin ciwon damuwa na bayan haihuwa. A lokacin ƙarin ruwa ne na awa 60 a asibiti, kuɗinsa kuma ya kai wajen dala 34,000. A 2023 aka amince da na haɗiya, zuranolon, na kwana 14.

Dokta Munkaila: Ga ɗaya da ya tsallake daga keji zuwa gadon asibiti, ban musa ba. Amma ku juya dala 34,000 zuwa sidi ku gani.

Anti Hawa Ungozoma: Ba sai mun jira shi ba. Akwai magungunan damuwa da ake ba mai shayarwa, akwai zama da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, a Komfo Anokye akwai sashen. In mai jego ta wuce mako biyu ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta cin abinci, ko ta fara cewa gara ba ta duniya, a kawo ta wurin awo a gaya mana. A yi addu'a a kuma kawo ta.

Malam Awudu Asawase: Wannan na yarda da shi, zan ma faɗa a karatun mata na Asabar. Amma 'yata Rukayya, ban gama da ke ba. A kulle dabba makonni ita kaɗai har ta haukace, a jefa wata a ruwa. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. An halatta kashe ɓera don ɓarnarsa, ba a halatta azabtar da shi ba.

Rukayya Ayigya: Na sani, Malam, kuma abin yana damun da yawanmu. Kafin a taɓa ɓera ko ɗaya sai kwamitin ɗa'a ya duba takarda: me ya sa ba za a yi ba tare da dabba ba, guda nawa ne mafi ƙaranci, yaya za a rage mata wahala. Tun 1959 aka shimfiɗa waɗannan ƙa'idoji uku. Sakamakon su Pinna ma ya zama hujja a kan masu ajiye ɓera shi kaɗai ba dalili, don an gane ɓeran da aka keɓe ba lafiyayye ba ne, duk abin da ka auna a kansa akwai tambaya.

Malam Awudu Asawase: Kwamiti mutane ne. Mu zauna da ke da Dokta bayan Juma'a, ki zo da takardar in gani.

Bashiru Mai Aski Alabar: Sallama, sai yanzu na samu sarari na karanta. Wannan 5-alfa da aka ce a riƙe, ba shi ne wanda ƙwayar sanƙo ke toshewa ba? Akwai samarin da ke zuwa shagona suna shan finasterayid, a intanet suke oda.

Dokta Munkaila: Shi ne, Bashiru. Da ita ma masu bincike ke toshe alo a ɓera. Sai dai inzayim ɗin iri-iri ne. A ɓera ƙwayar tana toshe manyan biyun, a mutum ta fi kama na biyu, alhali na farko ya fi yawa a ƙwaƙwalwa. Duk da haka a 2025 hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar da tunanin kashe kai cikin illolinta, ga raguwar sha'awa da aka daɗe da sani. Mai milligiram 1 na gashi ne, mai 5 na ciwon furostet ne, wato kumburin da ke toshe wa maza fitsari, kada su ɗauki wannan a matsayin wancan. Wanda ya fara jin ƙunci ya daina sha ya ga likita. Mace mai ciki kuma kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, tana iya cutar da ɗa namiji a ciki.

Bashiru Mai Aski Alabar: Akwai ɗaya da ke fasa mai 5 gida huɗu da reza don ta fi araha, matarsa kuma ciki gare ta. Bari in kira shi yanzu.